Farar takarda, littafin shafa kala ko allon waya: wanne ya kamata a miƙa wa ƙaramin yaro?

Idan aka zo zaɓa wa yaro ɗan shekara uku ko huɗu abin zane, abubuwa uku ne yawanci ke gaban iyaye da malamai. Akwai farar takarda da fensirin kala, a ajiye wa yaro a bar shi da hannunsa. Akwai littafin shafa kala da danginsa, wato duk aikin da babba ya riga ya zana ko ya yanka, yaro kuwa nasa ya cike ko ya liƙa. Sai manhajar zane ta waya ko kwamfutar hannu, wadda yatsa ɗaya ke isarta. Dukansu ana ce musu zane, kuma kowannensu na iya zaunar da yaro wuri guda har babba ya samu sararin yin wani abu. Amma abin da suke bari a hannun yaro da tunaninsa ya sha bamban ƙwarai. Ni dai ra'ayina a fili yake: farar takarda ce ta cancanci kaso mafi tsoka, littafin shafa kala yana da ɗan gurbinsa, waya ce ta ƙarshe. Zan kawo dalilaina, tare da wuraren da sauran biyun suka fi ta, don kowa ya auna da yaron da ke gabansa.

A fara da abin da ke faruwa lokacin da yaro ke jagwalgwala takarda, domin a nan ne manya suka fi yin kuskure. Wata malamar makarantar reno a birnin San Francisco na Amurka, Rhoda Kellogg, ta shafe shekaru tana tara zanen ƙananan yara har ta tara kusan miliyan guda. Da ta baje su tana dubawa, sai ta ga jagwalgwalon nan yana da tsari. Ta ware ire-iren layi 20 da yara ke maimaitawa: ɗigo, miƙaƙƙen layi, mai lanƙwasa, mai zagaye kamar gammo, mai hawa da sauka, da sauransu. Daga waɗannan ne da'ira ke fitowa, daga da'ira a samu abin da ya yi kama da rana mai tsirkiya, daga nan kuma mutum ya ɓullo: ƙaton kai, idanu biyu, ƙafafu biyu suna saukowa kai-tsaye daga haɓa. Yawanci tsakanin shekara uku da huɗu ake ganin wannan mutumin mai kai da ƙafa, kuma yara a ƙasashe daban-daban suna zana shi ba tare da kowa ya nuna musu ba. Tun a 1947 Viktor Lowenfeld, masanin koyar da yara zane, ya bayyana waɗannan matakai: jagwalgwalo daga shekara 2 zuwa 4, sannan lokacin da yaro ke laluben siffofin abubuwa daga 4 zuwa 7.

Akwai wata rana a cikin wannan tafiya da nake ganin ta fi kowace daraja. Ita ce ranar da yaro zai ɗago takarda mai layuka a harɗe ya ce, "Wannan Mama ce." Babu abin da ya yi kama da Mama a wurin, amma yaron ya gano cewa alama a kan takarda tana iya tsayawa a madadin wani abu da ba ya nan. Karatu da rubutu da lissafi duk a kan wannan fahimta suka ginu: harafi alama ce ta sauti, lamba alama ce ta adadi. Farar takarda ce ke ba shi damar ƙirƙiro alamar da kansa ya raɗa mata suna. Littafin shafa kala kuwa ya riga ya zana kyanwar, ya ce ga kyanwa.

Bayan wannan akwai shawarwarin da yaro ke yankewa ba tare da mun lura ba. A ina zan fara? Wace kala? Gidan ya cinye takardar, to ina zan sa itacen? Jan ya haɗu da shuɗi ya koma wata kala, in ci gaba ko in bari? Yaro ɗan shekara huɗu kusan duk yininsa umarni yake bi, a ce ya tashi, ya zauna, ya sa takalmi, ya yi shiru. Zane a farar takarda yana cikin 'yan wuraren da maganarsa ce ta ƙarshe, kuma idan abin ya karkace shi zai nemo mafita. Haka nan yumɓu, da fenti da burushi, da yayyaga takarda a liƙa da gam yadda aka ga dama. Duk a layi ɗaya nake lissafa su da farar takarda, muddin babu samfurin da aka kafa a gaba aka ce a kwaikwaya. Yumɓu ma yana da wata falala tasa: murzawa da matsawa da tsinkewa suna ƙarfafa ƙananan tsokokin tafin hannu da yatsu, waɗanda su ne za su riƙe fensir daga baya.

Sannan zane yana buɗe bakin yaro. Wanda ba zai iya ba da labarin abin da ya tsorata shi jiya ba, sau da yawa zai zana wani baƙin abu mai manyan haƙora, kuma idan aka zauna kusa da shi aka ce ya ba da labarin hoton, sai magana ta ɓalle. Kalmomin da ke fitowa a wannan hira, sama da ƙasa, babba da ƙarami, kusa da nesa, kafin da bayan, su ne dai kalmomin da malamin lissafi zai buƙata nan da shekara biyu.

Ita ma farar takarda tana da nata nauyin. Tana ɓata wuri, tana ɓata riga, tana bukatar babba ya shirya kafin a fara ya kuma share bayan an gama. Abin da ke fitowa daga cikinta sau da yawa ba ya burge baƙo. Kuma akwai yaron da idan ya ga takarda fara fat sai ya daskare, ya rasa ta inda zai kama. Wannan na ƙarshen zan dawo kansa.

Littafin shafa kala fa?

Ba na cikin masu cewa a ƙona shi. Cike fili ba tare da ƙetare layi ba aiki ne na gaske ga ido da hannu: yaro yana koyon rage ƙarfin dannawa, da tsayar da hannu inda ya kamata, da dauriyar kai aiki ƙarshe. Yara da yawa suna samun natsuwa da shi, musamman bayan hayaniya ko kafin barci. Malamar da ke riƙe da aji cike maƙil ita kaɗai tana iya raba shi cikin minti ɗaya kowa ya kama aiki. Ko Maria Montessori, masaniyar ilimin ƙananan yara wadda ta buɗe makarantarta ta reno ta farko a birnin Rum a 1907, ta tanadi wani abu mai kama da haka: siffofi goma na ƙarfe, irin su da'ira da murabba'i da mai kusurwa uku, yaro ya bi gefensu da fensir sannan ya cike cikin da layuka. Sai dai a lura da manufarta. Ta yi su ne don horar da hannu kafin rubutu, kuma a haka ta kira su. Wannan shi ne gurbin da ya dace da littafin shafa kala: motsa jiki ne na yatsu. Matsalar tana farawa idan aka ɗauke shi a matsayin darasin zane gaba ɗaya.

Abu na farko da ke damuna da shi shi ne ma'aunin da yake kafa wa yaro. Ƙwararren babba ne ya zana dokin da ke littafin, da ƙafafu huɗu daidai da geza mai kyau. Yaro ya shafe wata uku yana cike irin waɗannan hotuna, sai a ba shi farar takarda a ce ya zana doki. Ya duba abin da hannunsa ya fitar, ya tuna na littafi, sai ya ture takardar ya ce, "Ban iya ba, ki zana mini." Duk wanda ya zauna da ƙananan yara ya san wannan magana, kuma jinta daga bakin ɗan shekara huɗu abu ne mai taɓa zuciya, domin shekara guda kafin nan shi ne ke cika takarda da gaba gaɗi. Lowenfeld ya yi adawa da littattafan shafa kala saboda wannan dalili, har yakan ba da misalin yaran da ke zana tsuntsu da kai da fukafukai da ƙafafu, amma bayan sun saba da littattafan aiki masu tsuntsayen da aka taƙaita, sai tsuntsunsu ya koma 'yar alama mai kamar harafin V.

Na biyu, batun lokaci. Hannun yaro yana da matakansa. Ɗan shekara ɗaya da rabi da dunƙulen hannu yake riƙe kala, kuma daga kafaɗa motsin ke fitowa. Wajen shekara biyu zuwa uku sai ya juya hannun, yatsu suna kallon takarda. Riƙon yatsu uku irin na manya yawanci sai wajen shekara huɗu zuwa shida yake zama daram. Haka siffofi: yaro kan iya kwaikwayon da'ira wajen shekara uku, alamar giciye wajen huɗu, murabba'i bayan nan kaɗan, mai kusurwa uku kuwa sai wajen biyar ko shida. Don haka cewa ɗan shekara biyu da rabi kada ya ƙetare layi, neman abin da jikinsa bai kai ba ne. Abin da zai koya daga nan shi ne yana yawan yin kuskure.

Akwai kuma wani bincike da ya sa na rage yarda da bin sawun layi, ko da a fagen shirin rubutu ne. A 2012 Karin James da Laura Engelhardt, a Jami'ar Indiana, sun sa yara 'yan shekara biyar da ba su fara karatu ba su yi aiki da haruffa ta hanya uku: rubutawa da hannu a fili, bin sawun ɗige-ɗige, da danna harafin a kwamfuta. Daga baya aka nuna musu haruffan ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sassan da ke aiki lokacin karatu sun fi motsawa a kan haruffan da yaran suka rubuta da hannunsu a fili. Bayanin da masu binciken suka bayar yana da ma'ana: harafin da yaro ya rubuta da kansa kullum yana fitowa a ɗan karkace, yau haka gobe haka, kuma daga wannan bambancin ne ƙwaƙwalwa ke gane abin da ya sa harafin ya zama shi. Binciken a kan haruffa aka yi shi, amma yana nuna cewa karkataccen layin da yaro ya ja da kansa ba asara ba ne.

Ɗan'uwan littafin shafa kala shi ne aikin hannu na samfuri, inda malama ta yanka kunnuwa da idanu da wutsiya tun da dare, da safe yara su liƙa kowanne a inda aka nuna. Idan aka jera su a bango sai a ga zomaye ashirin kamar an buga su da inji. Iyaye suna jin daɗinsu, kuma ban ga laifinsu ba, kowa yana son ya ga ɗansa ya kawo abu mai kyau gida. Amma a tambayi kai, hannun wa ya yi yawancin aikin? Yaron ya koyi bin umarni daki-daki, wanda abu ne mai amfani, sai dai yana da wurare da yawa da zai koye shi a yini.

A nan wani zai ce, to ashe kada a koya wa yaro komai ke nan? A'a. Akwai gwajin da Elizabeth Bonawitz da abokan aikinta suka wallafa a 2011. Sun ba ƙananan yara wani abin wasa mai ɓoyayyun ayyuka huɗu. Waɗanda babba ya ce musu ga yadda ake yi, ya nuna aiki ɗaya, sun fi maƙalewa a kan wannan ɗayan, suka gano kaɗan daga sauran. Waɗanda ba a yi musu darasi ba sun daɗe suna lalube, suka gano fiye. Yaro yana ɗaukar abin da babba ya nuna a matsayin iyakar abin da ke akwai. Wannan ya sa nake raba koyarwa gida biyu. Koyar da kayan aiki wajibi ne: yadda ake wanke burushi kafin a tsoma a wata kala, yadda ake riƙe almakashi babban yatsa a sama, yadda ake jiƙa yumɓu biyu a haɗa su kada su rabu. Koyar da hoton kansa, cewa rana rawaya ce kuma a kusurwa take zama, shi ne abin da ke rufe ƙofa. Makarantun reno na garin Reggio Emilia a Italiya, waɗanda Loris Malaguzzi ya jagoranci tafiyarsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, misali ne mai kyau. Suna da ɗakin zane na musamman da malami wanda ya karanci fasaha, kuma yana aiki sosai: yana kawo kaya, yana sa yara su ƙura wa ganye ko inuwa ido kafin su zana, yana yi musu tambayoyi, yana sa su koma kan aikin jiya su sake. Abin da ba ya yi shi ne ya zana musu a ce su kwafa.

Sai allon waya. Amfaninsa a bayyane yake: ba ɓata wuri, ba ƙarewar takarda, yana shiga aljihu a doguwar tafiya ko zaman jiran likita. Ga yaron da ke da lalurar da ta hana shi riƙe fensir, allon taɓawa na iya zama hanyarsa ta farko ta jan layi da kansa, kuma wannan babban abu ne. Amma ga yawancin yara, abin da yake cirewa ya fi abin da yake kawowa. Gilashi santsi gare shi, ba ya turjiya irin ta takarda, don haka hannu ba ya koyon auna ƙarfi. Yatsa ɗaya ke aiki, ɗaya hannun da ya kamata ya danne takarda yana zaune. A manhajoji da yawa taɓawa ɗaya ke cika fili duka da kala, wato har ɗan horon da littafin shafa kala ke bayarwa ya tafi. Maɓallin gogewa kuma yana share kuskure kamar ba a yi ba, alhali a takarda dole yaro ya san yadda zai yi da ɗigon fentin da ya faɗo, ko ya mai da shi tsuntsu ko ya haƙura da shi.

Wani abin lura shi ne taurari da tafi da manhajoji ke zubo wa yaro idan ya gama hoto. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun yi gwaji a wata makarantar reno ta Jami'ar Stanford da yaran da dama can suna son zane. An yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan suka zana, wasu aka ba su ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Bayan kwanaki, da aka ajiye kalolin ba tare da lada ba, waɗanda aka yi wa alkawari su ne suka fi ja da baya, lokacin da suka ɓata a kan zane ya kai kusan rabin na sauran. Wannan gargaɗi ne ga manhaja, kuma gargaɗi ne gare mu masu cewa "in ka zana mai kyau zan ba ka kaza". A ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ba ta goyi bayan zaman kallon allo ga yaron da bai kai shekara biyu ba, daga biyu zuwa huɗu kuma ta ce kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi.

Wata magana da ya kamata a faɗa tsakani da Allah: kada a zaɓi ɗaya daga cikin ukun nan da fatan zai mai da yaro gwanin lissafi. Ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta fitar da wani nazari a 2013, wanda Ellen Winner ke cikin marubutansa, da ya duba tarin binciken da aka yi kan ko darasin fasaha yana ɗaga maki a sauran darussa. Hujjar ta fito da rauni a wurare da yawa, in ban da wasan kwaikwayo a aji, wanda aka ga yana taimaka wa harshe. Abin da zane ke bayarwa kai-tsaye, wato hannu mai ƙwari, ido mai lura, hanyar fitar da abin da ke ciki, da sabawa da yanke shawara, ya isa dalili.

To yaya za a raba? Ƙasa da shekara uku, babbar takarda da kaloli masu kauri da ba su da guba, da fentin yatsa, babba yana kusa domin komai baki yake nufa, kuma a nisanta ƙananan abubuwan da za a iya haɗiyewa. Littafin shafa kala bai da aikin yi a wannan shekarun, waya ma haka. Daga uku zuwa huɗu da rabi, farar takarda da yumɓu da almakashi mara tsini su riƙe fagen. In yaro ya ga littafin shafa kala ya nema, a ba shi, amma kada a yi maganar layi. Daga wajen biyar, lokacin da yatsu suka fara zama, shafa kala na iya shigowa jefi-jefi a matsayin horo ko abin natsuwa, kuma gara mai manyan siffofi marasa tarkace. Waya a ajiye ta don inda babu halin baza takarda, a zaɓi manhajar da ke ba da fili fari da alƙalami kawai.

Mai neman makarantar reno kuwa, gani ya kori ji: ya dubi bangon ajin. In hotunan duk iri ɗaya ne, an san wanda ya yi su. In sun bambanta, wasu ma ba a gane ko mene ne, kuma a ƙasan wasu malama ta rubuta abin da yaron ya faɗa da bakinsa, to ana sauraron yara a wurin. A duba ko kayan zane suna inda hannun yaro zai kai, a kuma tambaya sau nawa ake fito da fenti da yumɓu a mako.

Saura yaron nan da ke daskarewa a gaban farar takarda, ko wanda ya riga ya koyi cewa "ban iya ba". Kada a zana masa, domin zanen babba zai ƙara tabbatar masa da abin da yake tsoro. A sauya masa kaya zuwa abin da ba shi da daidai ko kuskure: yumɓu, ko soso da fenti, ko burushi da ruwa zalla a kan bango mai zafi inda zanen zai bushe ya ɓace. In hoton abu yake so, a kawo abin gabansa a yi ta tambaya. Kyanwar nan ƙafafunta nawa? Kunnenta zagayayye ne ko mai tsini? Da wane ɓangare za ka fara? Idan takardar ce ta yi masa faɗi, a rage ta, ko a liƙa ɗan guntun takarda mai kala a tsakiya a ce ya ci gaba daga nan. In ya gama, a bar "ya yi kyau" da "mene ne wannan", a faɗi abin da ido ya gani: "Na ga ka yi layuka da yawa a nan, ka kuma danna jan sosai. Ba ni labarinsa." Wani yaron a zama biyu zai saki jiki, wani sai an yi makonni ana ajiye masa takardar a wuri ɗaya kullum kafin ya ɗauki kala da kansa.